Tubalin Mosko a Gindin Mangwaron Kaboji

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, ni dai ban ce ban ji daɗin bana ba, amma kwanan baya na tarar da ɗana ya duƙufa a kan wayar uwarsa, ana kiransa cin tuwo bai ko ɗaga kai ba. Na buɗe baki zan daka masa tsawa ke nan, sai na leƙa na ga abin da yake yi: tubala ne ke faɗowa daga sama yana jera su. Nan take maganar ta maƙale mini, domin ni da wannan wasa mun san juna tun ina yaro a Kaboji ta ƙasar Kontagora.

A cikin bazarar 1998 ne wani kawuna, wanda ke bin motocin hatsi zuwa Kudu, ya dawo mini da tsarabar wani ɗan akwatin roba, tsawonsa bai wuce tafin hannun babba ba. Yana da ɗan gilashi a sama da maɓallai a ƙasa. Sunansa Brick Game, ƙirar ƙasar Sin, amma mu gem kawai muke ce masa. A jikinsa an rubuta wai wasanni 9999 ne a ciki. Da muka bincika sai muka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, da tseren mota, da maciji, da harbi. Duk muka yi watsi da su, muka rungumi na tubali.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Fili ne mai gida 10 a kwance, 20 a tsaye. Tubala iri 7 ke saukowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ƙananan murabba'ai 4 ne aka haɗa. Aikinka ka juya tubali, ka tura shi dama ko hagu, ka zaunar da shi inda ya dace. In layi ya cika ba kafa, sai ya ɓace, a ƙara maka maki. In ka bar rami, gini ya yi ta hawa, saukar kuma ta yi ta ƙara sauri, har ya taɓo sama, shi ke nan ka mutu. Mun raɗa wa tubalan sunaye: akwai dogo, da dunƙule, da ƙugiya, da kujera. Wanda duk ya taɓa haƙa rami a gefe yana jiran dogo, dogo ya ƙi zuwa, ya san abin da ake kira zullumi.

Akwati ɗaya ne, mu kuwa mun fi goma. Saboda haka muka kafa doka a gindin mangwaron ƙofar gidanmu: kowa ya mutu ya miƙa wa na kusa da shi. Mai wasa na tsakiya, saura sun yi masa rumfa da kawuna, wannan na cewa juya, wancan na cewa sake shi. Langa da kokawar dandali suka yi kwantai na wani lokaci.

Matsalarmu ɗaya ce, wato batir. Jiharmu ta Neja ita ke da madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, da ta Shiroro ta 1990, amma a gidanmu fitilar ƙwai da tocila muka sani. Gem kuwa ƙananan batir biyu yake ci, ba mu da kuɗin saye. Mu shanya matattu a rana, mu ɗan cije su, su farfaɗo na ɗan lokaci su sake macewa. Daga nan wani mai wayo a cikinmu ya gano cewa manyan batir biyu ƙarfinsu ɗaya da ƙanana biyu, sai dai sun fi daɗewa. Abin da ake bukata guntun waya ne da robar ɗauri. Manyan batir kuwa a wuri ɗaya suke a gidanmu: cikin rediyon Baba.

Sai na mayar da abin sana'a. Baba na fita gona in zare biyu, kafin la'asar in mayar. Ya yi ta mamakin yadda batirin zamani ba ya auki. Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Ran Litinin, 8 ga watan Yuni, 1998, hannuna ya faɗa, na kai makin da ban taɓa kaiwa ba, na manta da la'asar. Ashe labari ya iso gari cewa shugaban ƙasa, Janar Sani Abacha, ya rasu. Baba ya shigo da sauri, ya murɗa rediyo don ya tabbatar, shiru. Ya buɗe baya ya ga gurbi biyu wayam. Dattijon da maƙwabta ke taruwa a ƙofarsa jin labaru, ran nan shi ya tafi ƙofar wani ya tsuguna. Washegari, da aka rantsar da Janar Abdulsalami Abubakar, mutumin Minna, rediyon ya riga ya koma aiki, ni kuwa ban runtsa ba don jiran hukunci.

Bayan sallar isha ya kira ni. Na durƙusa.

"Kai yaro, kawo abin nan da ya fi rediyona daraja."

Na miƙa hannu na rawa. Maimakon bulala sai ya ce in nuna masa yadda ake yi. Baba gwanin dara ne, ya san jera 'ya'ya uku a layi a cikin gidaje 30. Ya gwada sau uku a hasken fitila, yana mutuwa. Sa'an nan ya ce, "To, yaushe ake cinyewa?"

Na ce, "Baba, ba a cinyewa. Sai dai a mutu."

Ya yi shiru, can ya ce, "A dara akwai abokin karawa, in an ci a tashi a gaisa. Wannan kuwa ba ya gajiya, ba ya jin kiran salla. Abin kirkin da ka yi ya ɓace, kuskurenka ne ke taruwa a gabanka. Tun da shi ba zai ce ya isa ba, kai za ka koyi cewa ya isa."

Hukuncin da ya yanke shi ne, akwati zai zauna a aljihunsa, a ba mu bayan an taso daga makarantar allo, a karɓe da kiran magariba. Batir kuwa in saya da guminna. Damanar nan na yi ƙwadagon noma kamar ba gobe.

Sai da na girma na san asalin abin. Sunan wasan Tetris. Wani masanin kwamfuta mai suna Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙiro shi a birnin Mosko wajen 1984, yana ma'aikacin cibiyar kimiyya ta Tarayyar Sobiyet. Kamfanin Nintendo na Japan ya sa shi a na'urarsa ta hannu, Game Boy, a 1989, ya bazu a duniya, daga nan masu kwaikwayo suka yi ta ƙera irin namu mai araha. Shi kansa mai ƙirƙirar bai fara cin moriyar kuɗin wasansa ba sai a 1996, domin da farko haƙƙin yana hannun hukuma.

Maganar Baba ma ashe tana da tushe. A 1997 wata masaniyar lissafi, Heidi Burgiel, ta nuna cewa in tubala na zuwa bisa ƙaddara, komai gwanintar mutum wata rana jerin da ba shi da mafita zai zo. A Disamban 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a Amurka, Willis Gibson, ya kai mataki na 157 a tsohon Tetris na Nintendo, har lissafin na'urar ya rikice ta tsaya cik. Ko shi ɗin, na'ura ce ta gaza, ba wasan ne ya zo ƙarshe ba.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, irin waɗannan wasanni suka koma aljihun kowa. Bambancin da nake gani shi ne, mu ƙarancin batir da jiran layi suka yi mana linzami, kuma a taro muke wasa. Yaron yau shi kaɗai ne a lungu, ba mai jiran ya mutu ya karɓa. Linzamin da talauci ya yi mana, yanzu sai iyaye sun ɗaura shi da hannunsu, kuma ba za su iya ba sai sun zauna sun ga abin da yaron ke gani.

Saboda haka ran nan ban yi tsawa ba. Na zauna kusa da ɗana na ce, "In ka mutu ka miƙo." Ya dube ni da mamaki, ya miƙo. Na mutu tun kafin dogo ya zo, ya yi ta dariya. Sa'an nan na sa wayar a aljihu, muka tafi cin tuwo.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya shirya mana zuriya, amin.