Gwajin Ɗan Tayi: Kafin a Dasa Ko Bayan Ciki Ya Zauna?

Mace ta yi ɓari uku a jere, dangin miji sun fara ƙus-ƙus. Wasu su ce iska ce, wasu su ce bayanta ne ba shi da ƙarfi. A wasu gidajen kuwa, matsalar tana cikin kuromosom, ƙullin gadon halitta guda 46 da ke cikin ƙwayoyin jikinmu. Guntun wannan ya ɓalle, ya yi musayar wuri da guntun wancan. Mai ɗauke da haka, wajen mutum ɗaya cikin 500, lafiyarsa ƙalau, tunda babu abin da ya ɓace masa. Wajen haihuwa ne rabon ke karkacewa: ɗan tayi ya samu ƙari ko ragi, cikin ya zube, ko a haifi yaro da nakasa. Kuma mijin ma yana iya zama mai ɗauke da abin, duk da ba shi ake kallo ba.

Hanyoyi biyu ne a gaban irin waɗannan ma'aurata. Ta farko, a haɗa ƙwan matar da maniyyin mijin a ɗakin gwaji. A rana ta biyar ko ta shida a tsinko 'yan ƙwayoyi daga ɓangaren da zai zama mabiyiya, a duba, a dasa ɗan tayin da rabonsa ya daidaita. An fara haihuwa ta irin wannan tantancewa a 1990, aikin Alan Handyside da abokansa a asibitin Hammersmith na Landan. Tana rage ɓari, amma ba ta ƙirƙiro ƙwai mai kyau. Ana iya shan allurai, a kashe miliyoyin naira, sakamako ya fito babu ko ɗaya da za a dasa. Sannan gwajin da aka saba yi ba ya bambanta ɗan tayi marar musayar da wanda ya gaje ta lafiya lau.

Ta biyu, a bar ciki ya shiga da kansa, a ɗebi tsokar mabiyiya wajen mako na 11, ko ruwan mahaifa daga mako na 15, a duba. Ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma da yawa daga masu wannan musaya suna haihuwar lafiyayyu ba tare da dashe ba. To, idan sakamakon ya zo da muni fa? Dokar Najeriya ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, malaman Malikiyya kuma sun tsananta a kai. Abin da ya saura shi ne sani da shiri.

Saboda haka, ga wadda ɓari ya gajiyar kuma akwai hali, na fi karkata ga ta farko. Mai ƙuruciya da ba ta sha wahalar ba, ta biyu ta ishe ta. Amma kafin kowacce, maigida ka bi uwargida asibiti, a ɗebi jinin ku duka biyun a duba kuromosom.