Kama da wane ba ta wane: yadda ake gane asalin kyanwa a Yola da Jimeta

Ma'aikacin tarayya da aka yi wa canjin aiki zuwa Yola, ya kama gida a Karewa ko Dougirei, ba ya daɗewa yara ba su roƙe shi kyanwa ba. Cinikin kuwa yakan faro ne daga hoto a WhatsApp: mage mai yalwar gashi, an kira ta 'yar Farisa, an yanka mata kuɗi mai tsoka. Wanda bai san bambancin launi da asali ba, cinikin biri a sama yake yi.

Akasarin kyanwoyin da ke kai-komo a kasuwar Jimeta da lungunan cikin garin Yola 'yan gida ne masu gajeren gashi. Kakarsu ita ce kyanwar dajin Afirka, wadda suka gaji zane-zanen jiki daga gare ta. Rarraba kyanwoyi zuri'a-zuri'a da takarda sabon abu ne, wanda ya kankama bayan baje kolin da aka yi a Landan a 1871. Ƙirar jiki da fuska da takardar iyaye su ke nuna asali.

'Yar Farisa ta gaskiya tana da faffaɗar fuska, gajeren hanci, ƙananan kunnuwa da gajerun ƙafafu masu kauri. Tsawon gashi kaɗai bai isa shaida ba, domin iyaye biyu masu gajeren gashi na iya haifar mai dogo idan kowannensu na ɗauke da gadon a ɓoye. Wanda ya dace da ta gaskiyar ma ya ɗauki nauyi. A Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40, gajeren hancinta kuma yana wahalar da numfashi, don haka sai da ɗaki mai sanyi da taje gashi kullum.

'Yar Siyam kuwa siririya ce mai shuɗin ido da farin jiki, sai duhu a kunnuwa, fuska, ƙafafu da wutsiya. Sinadarin da ke rina gashinta a sassan jiki masu sanyi kaɗai yake aiki, shi ya sa ake haihuwarta fara, kuma wadda ta tashi a zafin bakin Binuwai takan fi ta Jos haske.

Launi yana da nasa labarin. Kyanwa mai fari da baƙi da ja a haɗe kusan kullum mace ce, da wuya a ga muzuru mai launi uku. Fara sol mai shuɗin ido sau da yawa kurma ce, ba ta jin tahowar mota, kuma rana kan ƙona fatar kunnuwanta har ta kai ga ciwon daji.

Kafin kuɗi ya bar hannu, mai saye ya nemi ganin uwar da katin rigakafi, domin cutar haukan kare tana kama kyanwa, daga gare ta kuma ta kama mutum. Sannan ya rubuta siffarta: mace ko namiji, tsawon gashi, launi, zane, launin ido da wata alama ta daban. Ranar da ta ɓace, ko aka kai ta wurin likitan dabbobi, wannan bayanin ne zai yi amfani.