Kowa Da Irin Nasa Haɗin: Zancen Kofi A Teburin Mai Shayi A Birnin Kebbi Da Argungu

Duk wanda ya taɓa kwana a Birnin Kebbi ko Argungu cikin watannin hunturu ya san cewa tun kafin masu kantuna su buɗe ƙofofinsu, mai shayi ya riga ya hura wuta. Da zarar an sallame sallar asuba sai a ga mutane suna nufar teburinsa a dunƙule cikin mayafi: direbobin da ke jiran lodi zuwa Sakkwato ko Jega, da 'yan kabu-kabu, da masu gadin da suka kwana ido biyu, da kuma manoman shinkafa waɗanda za su gangara fadama tun raɓa ba ta bushe ba. Tukunya ɗaya ce ke tafasa domin dukkansu, amma da wuya a sami mutum biyu a kan benci guda waɗanda haɗinsu ya zo daidai.

Wani kauri yake so, watau a zabga madara har cokali ya kusa tsayawa. Wani kuwa ruwan bunu ne nasa, babu madara ko ɗigo, sai ganye da sukari, da ɗan citta da kanumfari idan da hali. Akwai mai son a sheƙa masa tsakanin kofuna biyu har ya yi kumfa ya huce, akwai kuma wanda idan aka taɓa sheƙa nasa to an ɓata masa safiya. Gwanintar mai shayi ita ce ya riƙe duk waɗannan a ka. Tsohon abokin ciniki ba ya faɗin abin da yake so, sallama kawai zai yi ya zauna, sai ya ga an ajiye masa nasa a gabansa.

A cikin wannan jerin gwangwanaye da ke bisa teburi, tsakanin Lipton da Bournvita da madarar Peak, a nan kofi ya sami ɗan wurin rakuɓewa. Ko sunansa ma da rikici, domin a Hausa kalmar kofi tana nufin abin shan, tana kuma nufin mazubin da ake sha a ciki. Saboda haka wanda yake bukatarsa ba ya wahalar da kansa, sai ya ce a sa masa Nescafé, kowane kamfani ne kuwa ya yi garin da ke cikin gwangwanin.

Masu shansa ba su taru a kan hanya ɗaya ba. Mafi yawansu ba kofi zalla suke sha ba, shayinsu na kullum ne ake barbaɗa wa kan cokali na garin, don ya ba shi ƙamshi da ɗan ɗaci-ɗaci, ya kuma karya zaƙin madarar. Direbobi da masu aikin dare a injinan casar shinkafa sun fi karkata ga baƙi, ruwan zafi da gari da sukari, a shanye a tsaye. 'Yan makaranta kuma, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu, idan jarrabawa ta gabato sukan sayi 'yan ƙullin da aka riga aka haɗa da madara da sukari, su dama a ɗaki. Daga cikin samari akwai masu haɗa garin da sukari da ɗigon ruwa, su yi ta bugawa da cokali har ya yi fari ya tashi, sa'an nan a tsiyaya ruwan zafi a kai. Wannan aiki yana cin lokaci, kuma mai shayin da jama'a suka yi wa cincirindo ba ya maraba da mai neman sa.

Abin da mutane da yawa ba su kula da shi ba shi ne, wannan gari dafaffen kofi ne tun daga masana'anta. Ana soya 'ya'yan itacen, a niƙa, a dafa, sa'an nan a busar da ruwan har ya koma gari, shi ya sa yake narkewa nan take ba ya barin tsaki. Kamfanin Nestlé ne ya fito da Nescafé a ƙasar Suwizalan cikin shekarar 1938, kuma masana'antarsa da ke Abidjan ta ƙasar Kwaddibuwa ita ce ta daɗe tana wadata Afirka ta Yamma. Itacen kofi da ake ciniki a duniya iri biyu ne manya. Akwai Arabika, mai son tsaunuka da sanyi, wanda ya fi ƙamshi da laushi a baki. Akwai kuma Robusta, mai jure zafi, wanda ya fi ɗaci, kuma sinadarin da ke hana barci, watau kafin, ya kusa ninka na Arabika a cikinsa. Robusta ne ake nomawa a Kwaddibuwa, shi ne kuma aka fi yin gari da shi. Ke nan ɗanɗanon da mutumin Kabi ya sani da sunan kofi, ɗanɗanon Robusta ne.

Arabika kuwa ta wata ƙofa yake shigowa, watau jakar alhazai. Waɗanda suka tashi daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, sukan tarar da gahawa a Makka da Madina, wadda ba ta yi kama da abin da suka baro a gida ba ko kaɗan. Larabawa sama-sama suke soya 'ya'yan, don haka ruwanta fatsi-fatsi ne, ana dafa ta da wani ƙamshi da suke kira hel, ba a sa mata sukari, sai dai a kurɓa a ɗan finjali ana haɗawa da dabino. Wasu alhazan kurɓa ɗaya suke yi su ajiye, su ce magani aka ba su. Wasu kuma takan shiga ransu, su dawo da buta mai dogon baki da ƙullin gari, a riƙa dafa wa baƙi a zaure, musamman da azumi bayan an sha ruwa. Da ƙullin ya ƙare sai a jira wani mai zuwa Umra.

Gahawa tana da tarihi a ƙasashen Musulmi. Asalin itacen daga Habasha yake, amma sufayen Yaman ne aka fara sani da dafa shi cikin ƙarni na 15, don su sami ƙarfin raya dare da zikiri. A shekarar 1511 hakimin Makka ya taɓa hana shanta, hanin da bai yi tsawon rai ba. A Sanagal kuma mabiya Shaihu Amadu Bamba suna da tasu, wadda ake kira kofin Tuba, kuma abin da ke ba ta yaji shi ne kimba, wannan dai kimbar da matan Kabi ke dakawa a yaji da kunu.

To, me ya sa duk da wannan daɗewa kofi bai zama ɗan gida a ƙasar Kabi ba? Dalili na farko goro ne. Aikin da kofi yake yi wa Bature na wartsake jiki da korar gyangyaɗi, goro ya daɗe yana yi wa Bahaushe, sinadarin ma iri ɗaya ne a cikinsu. Fataken Gwanja ta wannan yanki suke ratsawa da jakunansu, kasuwar Jega kuwa tana cikin manyan zangunansu a ƙarni na 19. Dattijon da ke da ɓarin goro a aljihu ba ya bukatar wuta ko ruwan zafi.

Dalili na biyu shi ne shayin Buzaye, wanda ake dafawa da koren ganyen ƙasar Sin a 'yar ƙaramar buta bisa gawayi. Ya bazu ne daga Maroko ya ratso hamada, kuma da yake Jihar Kebbi ta yi iyaka da Jumhuriyar Nijar ta wajen Kamba da Kangiwa, ya zauna daram a majalisun samari. Sau uku ake dafa ganye ɗaya, na farko da ɗaci ƙwarai, na biyu tsaka-tsaki, na uku zaƙi zalla, kuma a nan ma kowa da nasa: akwai masu jiran na farko kaɗai su tashi, akwai waɗanda ba sa miƙa hannu sai an zo na ƙarshe. Kafin a gama ukun an ci awa biyu ana hira. Kofin gari da ake damawa cikin minti ɗaya ba shi da abin da zai ba majalisa irin wannan.

Amma a 'yan shekarun nan aljihu ya fara yi wa mutane zaɓi. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa, ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A wannan tsakani, cikin 2023, aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, alhali kuwa yawancin ganye da garin kofi da madara da ɗanyen sukari daga waje ake kawo su. Bugu da ƙari, fari ya taɓa gonakin Birazil da Biyetnam, ƙasashen da suka fi kowa noman kofi, har a watan Fabrairu na 2025 farashin Arabika ya haura dala 4 a kan kowane laba a kasuwar duniya, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan.

Duk wannan a kan teburin mai shayi yake sauka. Madarar gari ta ture ta gwangwani a wurare da dama, babban gwangwanin kofi ya koma 'yan ƙulli, mai shan kauri ya sauko zuwa tsaka-tsaki, mai tsaka-tsaki kuma ya koma ruwan bunu yana cewa likita ne ya hana shi madara. Shi kuwa mai shayi yana tsakanin wuta biyu. In ya ƙara kuɗi benci ya yi fili, in ya rage hannu tsohon abokin ciniki zai gane tun a kurɓar farko, ga kuma littafin bashi da ba ya raguwa, domin ba a hana maƙwabci ruwan zafi da sanyin safiya.

Ta wajen lafiya, ragin sukarin ba asara ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da baligi zai sha a yini kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, alhali kauri biyu kaɗai suna iya cinye rabin wannan. Direban da ke dogara da baƙin kofi don ya kwana a hanya kuma ya sani cewa jinkirta barci yake yi, ba ya biyan bashinsa.

Abin mamaki shi ne Nijeriya tana da nata kofin. A tsaunin Mambila na Jihar Taraba ana noman Arabika, a nan kuma gonakin ganyen shayi na Kakara suke, Cibiyar Binciken Koko ta Ibadan ma, wadda aka ɗora wa kula da kofi da goro da shayi, tana da reshe a can. Ganyen Mambila yakan iso kantunan Arewa a cikin kwali. 'Ya'yan kofin kuwa, da yake suna bukatar a soya, a niƙa, a tace, ba su sami hanyar zuwa teburin mai shayi a Birnin Kebbi ko Argungu ba, inda rariyar da ke rataye jikin tukunya ta ganye ce kawai.