Ziyarar Kazaure A Lokacin Salla: Hukuncin Kallon Hawa Da Kokawa Da Dambe

 A kowace shekara idan Salla ta gabato sai ka ga 'yan kasuwa sun rufe rumfuna, ma'aikatan gwamnati sun sami hutu, kowa yana shawarar inda za shi kallo. Waɗansu su tsaya Kano, waɗansu su nufi Katsina ko Zazzau, waɗansu kuwa da cinkoson manyan birane ya ishe su sai su kama hanyar Daura su yada zango a Kazaure. Tambayar da kan biyo baya ita ce, shin ya halatta Musulmi ya ɗaura niyya, ya kashe kuɗin mota, domin kallon hawa da wasanni kurum? Amsa a taƙaice ita ce ya halatta. Sai dai hukuncin kallo yana bin hukuncin abin da a ke kallon ne, kuma abubuwan da baƙo zai tarar a gari ɗaya, a yini ɗaya, ba hukuncinsu ɗaya ba.

Ita dai Kazaure tana arewa maso yammacin Jihar Jigawa, kimanin kilomita 80 daga Kano, bayan an wuce Dambatta. Gari ne matsakaici a tsakanin duwatsu, ga madatsar ruwa a gefensa wadda masunta da masu noman rani ke cin moriyarta. Masarautar ta haɗa ƙananan hukumomi 4, watau Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Babura maƙwabciya ce, amma tana ƙarƙashin masarautar Ringim, wadda aka kafa a 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Jihar Kano.

Wanda ke son ya fahimci hawan Kazaure, lalle ne ya san yadda ƙasar ta kafu. Ɗantunku, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, shi ya kafa masarautar a 1819. Ya yi shekaru yana fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar da Kazaure a kan masarauta mai zaman kanta. Ɗansa Dambo ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, ya faɗaɗa garin, kuma a hannun mayaƙan Damagaram ya gamu da ajalinsa. Ƙasa ce ƙarama da manya suka sa tsakiya, Kano ta kudu, Katsina ta yamma, Daura da Damagaram ta arewa. A irin wannan wuri, wanda bai iya doki ba bai iya tsare gidansa ba. To, sa'ad da ka ga Mai Martaba Sarkin Kazaure Alhaji Najib Hussaini Adamu, wanda ya hau gado a 1998, ya taso daga masallacin Idi, hakimai na biye da jama'arsu, sa'an nan aka zo ƙofar fada a ke ta jahi, ka sani ragowar wancan shiri kake gani: talakawa suna jaddada mubaya'a, sarki kuma yana duba dawaki da mahaya.

Wannan ɓangare na kallo ba shi da wata mushkila a Shari'a. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa mutanen Habasha sun yi wasa da masu a cikin masallacin Madina a ranar Idi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya, Nana A'isha tana kallo ta bayansa har sai da ta gaji don kanta. Imamu Malik kuma ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Annabi ya shirya sukuwa, ya sa wa dawakin da aka horar dogon zango daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuwa ya taƙaita musu. Maganar tambura da algaita ita ce malamai suka yi saɓani a kanta tun zamanin jihadi, kuma Shehu da kansa ya sassauta a kan tamburan yaƙi da na sanarwa a littafinsa Najmul Ikhwan. Abin da zan ja wa mahaya kunne a kai shi ne sukuwa cikin taron mutane. Wanda ya saki linzami a inda yara su ke tsaye har dokinsa ya take wani, diyya na kansa, hawan Salla ba ya ɗauke masa ita.

Kafin mu shiga filin wasa, akwai 'yan mas'alolin matafiyi da baƙi su kan ruɗe a kansu. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar Halil, tafiyar ƙasaru buridi 4 ce, watau mil 48, abin da malaman zamani suka ƙiyasta da kilomita 80 da 'yan kai. Ka ga ke nan tafiyar Kano zuwa Kazaure a bakin iyaka ta ke, balle ma ba a fara lissafi sai an fita daga gine-ginen gari, ga shi kuwa Kano kullum daɗa miƙewa ta ke yi ta hanyar Dambatta. Abin da na ke gani shi ne Bakano ya cika sallarsa. Wanda ya taso daga Zariya ko Kaduna ko Maraɗi zai yi ƙasaru, sai fa in ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku, to sai ya cika. Zakkar fidda-kai kuwa ya fitar a inda Salla ta riske shi, ko ya bar wa iyalinsa sallahu su fitar masa a gida.

To, da la'asar sakaliya sai hankalin samari ya koma wajen kalangu. A garuruwan wannan yanki, kamar sauran ƙasar Hausa, lokacin Salla da lokacin kaka su ne lokutan kokawa da dambe, kuma a nan ne magana ta ke da nauyi.

Kokawa tana da asali mai kyau. Malaman sira sun ambata cewa Annabi ya yi kokawa da Rukana, wanda ya gagari mazajen Makka, ya kuwa kayar da shi. Wasa ne na gwada ƙarfi da dabara, ana gamawa da zarar an kai mutum ƙasa, ba a nufin a ji masa ciwo. Mutanen Babura da ke kusa da Magarya sun san yadda Jamhuriyar Nijar ta ɗaukaka wannan wasa tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, wadda a ke bai wa zakaranta takobi. Abin da ke da saɓani shi ne lada. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya keɓe sa lada ga tseren raƙuma da dawaki da harbin kibiya, saboda haka Malikiyya suka ce sauran wasanni, kamar kokawa da tseren ƙafa, a yi su kyauta. Waɗansu malamai, irin su Ibnul Ƙayyim a littafinsa Alfurusiyya, sun faɗaɗa, kuma da yawa daga malaman wannan zamani ba su ga laifi ba idan hukuma ko wani attajiri da ba ya cikin gasar ya ba da kyautar daga aljihunsa. Amma a ce 'yan kallo biyu su aza kuɗi, wanda gwaninsa ya yi kaye ya kwashe duka, wannan caca ce tsantsa, babu malamin da ya halatta ta, kuma Allah ya haɗa ta da giya a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Na san ma'aikacin da ya shiga fili da albashinsa na wata a aljihu ya fito ba shi da kuɗin motar komawa, iyalinsa suka shiga watan Shawwal da bashin mai awo.

Dambe kuwa sha'aninsa dabam ne, ko da ya ke na san maganata ba za ta yi wa masu karatu da yawa daɗi ba, musamman waɗanda suka tashi da jin labarin Shago a bakin Ɗan Anace. Asalinsa wasan mahauta ne bayan an kawar da amfanin gona, yanzu kuwa ya zama sana'a, ga ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramaɗa, ga masu ɗauka a waya suna watsawa duniya. Ɗan dambe ya kan naɗe hannu ɗaya da zare har ya yi tauri kamar dutse, a yi turmi 3, abin da a ke nema shi ne a buge abokin karawa ya kai ƙasa, su da kansu kuma kisa su ke kiran wannan. Ina a ke kai naushin? Fuska da kai. Alhali kuwa hani ga bugun fuska ya tabbata a Buhari da Muslim, ko a cikin faɗa, balle a wasa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 10 a shekarar 1408 Hijira, daidai da 1987, ta yanke cewa damben zamani haram ne, domin an gina shi a kan cutar da jiki, cutar da kan kai ga makanta ko taɓuwar ƙwaƙwalwa ko mutuwa, ta kuma halatta kokawar da babu cutarwa a cikinta in an rufe al'aura. Dalilin nan da aka kafa hukunci a kansa yana nan a damben gargajiya, in ma bai fi ba, tun da babu safar hannu mai laushi. Wani zai ce ai su suka yarda. Jikin mutum amana ce a hannunsa, ba shi da ikon ya ba wani izinin ya fasa masa ido. Ku dubi tsofaffin 'yan dambe da ke zaune a bakin tasha, haƙora sun zube, harshe ya yi nauyi, waɗanda suka yi musu liƙi jiya babu ko ɗaya a kusa.

Akwai kuma abin da ya fi rauni a jiki muni, shi ne abin da a ke ɗaurawa a damtse da ƙugu, da abin da a ke binnewa a fili, da kirarin da a ke kiran iskoki a cikinsa. Ba kowane ɗan wasa ke yi ba, amma ba ɓoyayyen abu ba ne. A nan zan kawo misali daga nesa, domin 'yan kasuwarmu da ke zuwa Japan sayen motoci da kayan gyaransu su kan tarar da bukukuwa irin na can, su dawo da tambaya. Akwai wani gari matsakaici mai suna Tokushima a tsibirin Shikoku, mutanensa kimanin 250,000, amma daga 12 zuwa 15 ga Agusta na kowace shekara baƙi fiye da miliyan ɗaya kan cika shi domin rawar da su ke kira Awa Odori. Ana yin ta ne a kwanakin Obon, lokacin da mabiya addinin Buda su ke raya cewa rayukan kakanni na dawowa gida. Haka nan kokawarsu ta sumo, wadda a ke yi wa manyan gasa 6 a shekara, kowace kwana 15: gishirin da ɗan kokawa ke watsawa a fili kafin a kama, tsarkake wuri ne bisa addininsu na Shinto. Musulmin da harka ta kai shi can, in ya ga waɗannan abubuwa da idon lura bai yi laifi ba, domin Alƙur'ani ya yi umurni da tafiya a bayan ƙasa don a duba a wa'aztu. Abin da ba zai yi ba shi ne ya shiga cikin ibadar, ko ya rusuna a wurin bautarsu, ya kuma bincika abincinsa saboda naman alade da giyar shinkafa da su kan sa a girki. Su mutanen Japan ba su ɓoye cewa wasansu a jingine ya ke da addininsu ba. Mu kuwa bikinmu ya fara ne da kabbara a filin Idi da hantsi, to yaya za a ƙare shi da yamma da neman taimakon wanin Allah? Wanda ya rataya abu yana ganin shi zai ba shi nasara, ya taɓa tauhidinsa, wanda kuma ya yi masa guɗa da liƙi a kan haka ya taya shi.

Dalilin da ya sa na fuskantar da wannan magana ga 'yan kasuwa da ma'aikata shi ne, filin wasa ba ya tsayuwa sai da ku. Attajiri ne ke sa babur ko buhun shinkafa a matsayin kyauta, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne ke sa hannu a takardar izini, ku ne kuma a kan ajiye wa kujerun gaba. Wanda ke ba da kuɗi yana da bakin kafa sharaɗi. Ku karkata dukiyarku wajen sukuwa da kokawa, ku ce ba za ku ba da kyauta ba sai ɗan wasa ya sa wando mai rufe tsakanin cibiya da gwiwa, ya kwance abin da ke damtsensa, an kuma kori masu karɓar kuɗin caca daga bakin fili. Ma'aikaci kuma ya tuna motar ofis da man da ke cikinta ba na zuwa kallo ba ne, hutun da gwamnati ta ba da kuwa in kwana 2 ne, to 2 ne, ranar ta uku akwai mai fansho da ke jiransa a bakin ofis da takarda a hannu.

Saura maganar lokaci. Galibi a kan fara wasa bayan La'asar, sai an kusa kiran Magariba sa'an nan a ke fito da manyan 'yan wasa, don kada jama'a su watse. Lokacin Magariba kuwa a mashhurin mazhaba ƙunci gare shi, gwargwadon a yi alwala a yi salla. Baƙon da ya yi tafiyar kilomita 80 ya ga halal, bai kamata ya koma gida da bashin farilla ba. Masu shiryawa su fito da manyan karawa da wuri, su ajiye randunan ruwa da butoci da tabarmi a gefen fili, su gaya wa makaɗa tun kafin a fara cewa da ladan ya ɗaga murya za a ajiye kalangu, in ya so bayan an sallame wanda ke da sauran turmi ya dawo.