Sigar Hani a Hausa da Sifaniyanci: Ina Aikatau na Umarni Yake Shiga?

A Hausa da Sifaniyanci, ba a gina hani ta hanyar liƙa kalmar korewa a jikin aikatau na umarni. Dukkan harsunan biyu sukan ajiye wannan sigar, su koma ga wata.

A Hausa, idan ana umartar mutum ɗaya, aikatau kan zo ba tare da wakilin suna ba, kuma yawanci karin sautinsa kan koma ƙasa-sama: Tàashi! Kàawoo! Da zarar an shigo da "kada", wakilin suna ya zama tilas, aikatau kuma ya koma karinsa na asali: Kadà kà taashì! Kadà kì kaawoo! Ba a cewa *Kada tàashi. Ke nan hani yana bayyana jinsi (ka, ki), abin da umarnin tilo ba ya yi.

Haka abin yake a Sifaniyanci. Ana cewa habla "yi magana", amma no hables "kada ka yi magana". Come "ci", amma no comas. Ven "zo", amma no vengas. Wanda ya ce no habla bai hana kowa komai ba, labari ya bayar cewa wani ba ya magana. Wakilan sunan karɓau ma sukan sauya gurbi: dímelo "faɗa mini", amma no me lo digas.

Karin harshen yamma, irin na Dakko da sauran garuruwan Bakura da Talata Mafara da Maradun, yana ƙara haske. A nan "kar" takan nashe da baƙin da ke biye da ita: Kak ka tahi! Kat ta zo! Kas shi zo! Misali na ƙarshe ya nuna "shi" a gurbin "ya" ta Daidaitacciyar Hausa. Wannan naso shaida ce ta ƙarfin dangantakar kalmar hani da wakilin suna.

Saboda haka, sanya Tàashi da kà taashì ƙarƙashin "umartau" ba tare da rarrabewa ba yana ɓoye wa ɗalibi wannan bambanci. Haka kuma, manazarcin da ya mayar da "kak ka" zuwa "kada ka" yayin rubuta bayanan Zamfarci ya shafe hujjar da ya fita nema.