Waya mai baki uku ko HDMI: wacce ta dace da talabijin ɗin gidanku?

A gidaje da yawa a Danko da sauran garuruwan masarautar Zuru, idan aka sayo sabon dikoda ko talabijin, mu 'yan makaranta ake kira mu haɗa. Sau da yawa ma mu ake aika sayen wayar. Kuskure kaɗan sai kuɗin Baba ya tafi a banza, ga kuɗin mota idan sai an koma canji. Don haka ya kamata mu san bambancin wayoyin nan biyu.

Ta farko ita ce mai baki uku, wadda ake kira AV. Bakin rawaya hoto yake ɗauka, fari da ja kuma sauti. Irin wannan baki ya samo asali ne daga kamfanin RCA na Amurka. Tana aiki da tsarin analog, wato hoto na tafiya a matsayin lantarki mai hawa da sauka. Duk abin da ya taɓa shi a hanya, tsatsa ko tsawon waya, sai ya bayyana a fuskar talabijin: hoto ya yi dishi-dishi, launi ya cakuɗe.

Ta biyu ita ce HDMI, wadda aka fitar da tsarinta a ƙarshen 2002. Bakinta ɗaya ne mai faɗi, da 'yan ƙananan haƙora 19 a ciki, kuma tana ɗaukar hoto da sauti tare. Tsarinta na dijital ne: ana mayar da hoto lambobi, 0 da 1, talabijin ya sake gina shi yadda aka aiko.

Mu ɗan yi lissafi. Hoton da mai baki uku ke iya kaiwa bai wuce ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye ba, wato 414,720. Cikakken hoton HD kuwa 1920 ne sau 1080, wato 2,073,600. Ninki biyar ke nan cif. Shi ya sa a gidan kallon ƙwallo ake iya karanta sunan ɗan wasa a bayan rigarsa.

Amma fa waya ba ta ƙirƙirar abin da babu. Kafin a sayi komai, mu leƙa bayan talabijin da bayan dikoda. Idan duka biyun suna da ramin HDMI, ita za a saya, domin haɗa sabon talabijin na bango da mai baki uku tamkar zuba ruwan tulu ne ta bakin kwalba. Idan talabijin ɗin tsoho ne mai tudun baya, mai baki uku ta wadatar. Akwai ƙaramar na'ura mai juya HDMI zuwa AV, amma ba za ta ƙara wa hoton kyau ba. Haka nan idan tashar ba ta HD ba ce, HDMI ba za ta mayar da ita HD ba.

Kada kuma tsada ta ruɗe mu. A tsawon mita ɗaya ko biyu, HDMI mai araha da ke aiki lafiya hoto ɗaya take bayarwa da mai tsada. Abin dubawa shi ne ƙarfin bakin da kaurin wayar. A nemi mai shago ya gwada ta kafin a biya.

Wajen haɗawa, a kashe wuta tukuna, ta NEPA ce ko ta janareta. Bayan an kunna, a danna maɓallin zaɓen hanya a rimot, a zaɓi AV ko HDMI, don sau da yawa wayar lafiyarta lau, zaɓin ne ba a yi ba. Da damina kuma, idan hadari ya taso da tsawa, a cire wayar dish da ta wuta tun kafin ruwa ya sauko.