Kufan Mishan da Aka Manta: Daga Katsina Zuwa Gimi

Ko kun san cewa limaman Katolika sun taka ƙasar Katsina tun kusan shekara ɗari kafin jihadin Shehu Ɗanfodiyo? A 1710 Fada Carlo da Fada Severino suka baro Tarabulus, suka bi ayari ta Murzuk da Agadas, suna cigiyar wasu Kiristoci da aka ce suna ƙasar Kwararrafa. A birnin Katsina ajali ya riske su, cikin 1711, bayan rashin lafiya. Ko ɗaki ɗaya ba su kai ga ginawa ba. 'Yan ɗariƙarsu ta Faransiskan ne daga baya suka kafa wa Sifaniya jerin mishan a Kalifoniya, farawa da San Diego a 1769, har suka kai 21. Can yau masu yawon buɗe ido ke tururuwa.

A 1900 kuwa, wasu Turawan mishan, Bishop Tugwell da Likita Walter Miller, sun isa Kano, Sarki Alu ya ce su tattara su fice. Miller ya zauna birnin Zariya a 1905.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Gimi. Akwai almajiran wani Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano saboda wa'azinsa game da Annabi Isa; ana kiran su Isawa. Wasu daga cikin zuriyarsu sun haɗu da Miller, aka tara su a Gimi ta ƙasar Zazzau, suka yi gonaki da makaranta da majami'a. Ashe rafin wurin cike yake da ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga gida-gida, ya yi ta ɗauka, dole sauran suka watse. Mishan ɗin Miller na Zariya ya koma Wusasa a 1929, kuma majami'ar ƙasa da aka gina a can tana nan tsaye. A Wusasa ne Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Babbar Ruga ta Katsina ma, wani mishan mai suna SIM ya taɓa riƙe ta yana jinyar kutare.

To, mutanen Gozaki da Malumfashi da Funtuwa, ku ma kuna da dattawan da suka ga zamanin Turawan mishan da idonsu. Ku zauna da su, ku ɗauki muryarsu a waya tun suna raye.